Matsayin Waƙa a Wasannin Kwaikwayo na Makarantu da na Samari a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba tarihin wasan kwaikwayo na Hausa kamar yadda aka saba koyar da shi a jami'o'i da kwalejojinmu, zai tarar an jera shi ne bisa littattafan da aka buga. Akan fara da wasanni shida na Dokta R. M. East na shekarun 1930, a gangaro kan Wasan Marafa na Abubakar Tunau, sa'an nan a zo kan Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau Na Kyallu (1960) na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma (1968) na Muhammad Sada, har zuwa Kulɓa Na Ɓarna (1979) na Umaru Ɗanjuma Katsina. Wannan jeri daidai yake, kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara shi yadda ya kamata a cikin Hausa a Rubuce (1988). To amma akwai abin da jerin littattafai ba zai iya nunawa ba, watau abin da yake faruwa idan yara suka ɗauki littafin suka hau dandamali da shi a gaban jama'ar ƙauye.

Mu da muka rubuta wannan maƙala mun yi karatu a wata makarantar kwana ta maza a kudancin Katsina daga 1976 zuwa 1981, muna cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar, daga baya kuma muka koyar a makarantun yankin, muka yi aiki da ƙungiyoyin samari. Abin da muke so mu tabbatar guda ɗaya ne: wasannin da muka yi, da waɗanda muka gani, wasanni ne na waƙa, kuma waƙar ita ce ta ba yaro damar ya faɗa wa manya abin da ba shi da ikon faɗa da fatar baki. Za mu duba inda wannan dama ta samo asali, da yadda muka yi amfani da ita, da kuma dalilan da suka sa ta yi rauni.

2.0 Ƙasar da Sana'arta

Kudancin Katsina ƙasar noma ce mai laka, wadda ta fi arewacin lardin samun ruwan sama. Dawa da auduga su ne ginshiƙinta tun da daɗewa, masara kuma ta bunƙasa daga shekarun 1970. A ƙarshen shekarun 1920 hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta nufi Gusau da Ƙauran Namoda, kamfanin auduga na Ingila kuma, watau BCGA wanda Hausawa suke kira Bisije, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Daga nan Funtuwa ta zama mahaɗar baƙi, Maska kuwa, wadda ita ce tsohuwar hedkwata, ta koma baya, ko da yake har yanzu hakimin Funtuwa sarautar Sarkin Maska yake riƙe da ita, kamar yadda hakimin Malumfashi yake riƙe da ta Galadiman Katsina.

Abin lura ga mai nazarin wasanni shi ne, a irin wannan ƙasa kuɗi sau ɗaya suke shigowa a shekara, watau da kaka, sa'ad da aka buɗe fuloti aka fara awon auduga. A lokacin ne ake aure, a lokacin makaɗa suke yawo, a lokacin ne kuma manomi yake haɗuwa da duk masu iko a kansa: malamin da yake duba auduga ya yanke mata daraja, da mai sikeli, da mai bin bashi, da mai karɓar haraji, kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979. Ke nan lokacin shagali da lokacin ƙorafi sun faɗo tare, saboda haka ba abin mamaki ba ne ƙorafin ya shiga cikin shagalin.

A 1975 aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, sauran biyun su ne na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari, ya kawo hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da takin zamani da ingantaccen iri. Manazarta da yawa sun nuna daga baya cewa manyan manoma sun fi ƙanana cin moriyarsa. A watan Satumba na 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, watau UPE, wanda ya sa makarantu suka yawaita, 'ya'yan talakawa suka cika su. Waɗannan abubuwa biyu, taki da makaranta, su ne suka tsara duniyar da muka yi wasanninmu a ciki.

3.0 Tushe Biyu

3.1 Tushen Gargajiya

Babu ɗaya daga cikinmu da ya fara ganin kwaikwayo a makaranta. Tun muna ƙanana mun yi tashe daga daren goma ga watan azumi, mun bi gida gida da Jatau Mai Magani da Macukule da Tsoho da Gemu, 'yan'uwanmu mata kuma suna nasu na zaman aure da kishi. A shekarun 1977 da 1978 kwanakin tashe sun faɗo cikin watan Agusta, muna hutu a gida, saboda haka da ɗanyen tashe a bakinmu muke komawa makaranta. Kowane wasan tashe da ɗan labarinsa, da shigarsa, da waƙarsa mai amshi, kuma kowanne akwai halin da yake yi wa dariya: malamin da yake musun ya yi rawa, boka mai cika baki, tsoho mai kwaɗayi.

Na biyu shi ne kalankuwa, wadda samarin ƙauye suke yi bayan an kawar da amfanin gona. A nan samari suke naɗa nasu sarki da alƙali da gwamna da di'o da likita da 'yan doka, su yi kwanaki suna mulkin wasa, ana kawo ƙara ana cin tara, makaɗa suna kiɗa ba dare ba rana. Manya suna kallo ana kwaikwayon tafiyarsu da muryarsu, ba mai cewa uffan. Na uku shi ne gaɗar 'yan mata a dandali, inda habaici yake da kasuwa. Na huɗu kuwa makaɗan ƙasar ne, musamman Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya zauna a Bakori, ya kuma daɗe a Funtuwa har kusan rasuwarsa a 1999. Daga gare shi kunnenmu ya saba da gajeren amshi guda da ake maimaitawa bisa kalangu, jagora kuwa yana ta zuba sababbin ɗiya yadda hali ya kawo.

Waɗannan duka ƙa'ida ɗaya ce ta haɗa su. Maganar da aka rera da kiɗa ba a kama mutum da ita kamar yadda za a kama shi da wadda ya faɗa ido da ido. Mai habaici bai ambaci suna ba, wanda ya fusata kuwa ya tona kansa, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Al'umma da kanta ta buɗe wannan ƙofa, ta kuma san amfaninta.

3.2 Tushen Makaranta

Ɗaya tushen ya zo ne ta hannun Turawa da En'e. Wasannin farko da aka buga an yi su ne domin makaranta, don koyar da tsabta da ladabi da amfanin ilimi. Majigi ma haka, wadda motar gwamnati take kawowa ƙofar hakimi da dare. A shekarun 1950 aka ɗauki fim ɗin Baban Larai a Daudawa, cikin wannan yanki namu, domin jawo hankalin manoma ga ingantaccen noman auduga, kuma dattawa sun daɗe suna ba da labarinsa. Daga baya rediyon Kaduna ya kawo Samanja Mazan Fama na Usman Baba Fategi, talbijin kuma ta kawo Ƙarambana na Ƙasimu Yero. A 1977 aka yi bikin FESTAC, aka nuna fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, hukumomin ilimi kuma suka ƙara kula da wasannin gargajiya a makarantu.

Wannan tushe ya ba mu labari mai tsawo, da rarraba shi fitowa fitowa, da labule, da ra'ayin cewa wasa ya ƙare da darasi. Amma maganarsa daga sama take gangarowa, hukuma ce take yi wa talaka gargaɗi. Tushen gargajiya kuwa daga ƙasa maganarsa take hawa. A dandamalin makaranta suka haɗu.

4.0 Yadda Muka Yi

4.1 Dandamali da Kaya

Dandamalinmu teburan ɗakin cin abinci ne, a jera su a ɗaure ƙafafunsu da igiya. Labule barguna ne da aka ɗinke aka rataya a waya. Idan injin wuta ya ƙi tashi, wanda ya zama ruwan dare, sai a rataya fitila mai famfo guda biyu, a sa yaro ɗaya ba shi da aiki sai ba su iska. Gemu auduga ce, wadda ba a rasa ta a wannan ƙasa, a manna da ƙaro. Furfura alli ne ko toka. Rawani zanen gado. Tumbin alhaji matashin kai. Zannuwa da ɗankwali kuwa daga matan malamai ake aro, domin makarantar maza ce, tilas wasu daga cikinmu su fito a mata, kamar yadda 'yan mata a tasu makarantar suke fitowa da babbar riga da gemu. Kiɗa da bokiti da garwa muka fara, sai daga baya muka riƙa aron kalangu biyu daga makaɗin mahauta na garin, muna ba shi ɗan goro.

4.2 Yadda Waƙa ta Shigo

Littattafan da muke ɗauka galibinsu zance ne, waƙar da take ciki ba ta taka kara ta karya ba. Mu muka ƙara ta, kuma da farko larura ce ta sa. Ba mu da lasifika, ɗalibai ɗaruruwa ne, ga mutanen gari sun cika tagogi, muryar yaro ɗaya ba ta kai wa baya, amma amshin mutum goma yana kai wa. Haka kuma idan aka ja labule ana sauya kujeru, in ba a ba jama'a abin yi ba sai hayaniya ta ɓarke. Saboda haka muka sa waƙa a wuri uku: ta buɗewa, wadda take gaida manyan baƙi ta gabatar da 'yan wasa, ta tsakanin fitowa, wadda take maimaita abin da ya wuce don wanda bai ji ba, da ta rufewa, wadda take ɗauke da darasi.

Hanyar shiryawa kuwa ita ce a ari karin da kowa ya sani daga gaɗa ko tashe, a zuba masa sababbin kalmomi, a yi amshi gajere yadda in an maimaita sau uku 'yan kallo za su karɓa. Da muka yi Uwar Gulma, alal misali, mun ba matar da mijinta yake wulaƙantawa waƙa a bakin turmi, tana daka tana rerawa, taɓarya ita ce kiɗan. Abin da ya ba mu mamaki shi ne matan gari da suke tsaye a taga su suka fara karɓar amshin, tun kafin ɗalibai. Daga ranar muka gane waƙar tsakiya ta wuce cike gurbi, a cikinta 'yan kallo suke shiga wasan su yanke nasu hukunci.

Wannan aiki yana da tsada ga mai yinsa. A al'adar Hausa kiɗa da roƙo sana'ar gado ce mai ƙasƙantaccen matsayi, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana tun 1957. Wanda ya fito a mace sau ɗaya, sunan matar yakan bi shi har ya bar makaranta. Akwai wani abokinmu, ɗan malamin zaure, mai hannun kalangu ƙwarai, wanda labari ya kai wa mahaifinsa. Dattijon ya yi tattaki har makaranta ya ce wa malaminmu na Hausa, "Malam, karatu na kawo shi, ban kawo shi roƙo ba." Malamin ya ce, "Allah gafarta Malam, in ya ajiye kalangu, ko ka yarda ya riƙa rubuta mana baitocin?" Dattijo ya ce wannan kam aikin malamai ne, babu laifi. Tun daga ranar abokinmu ya zama marubucin ƙungiya, ya shigo mana da amsa-amo da daidaita ɗango irin na rubutacciyar waƙa da ya tashi yana ji a zauren gidansu. Ta haka waƙar baka da rubutacciya suka gauraya a wasanninmu, ba da niyyar kowa ba.

4.3 Wasan Taki

A 1978 muka bar littafi muka shirya wasan kanmu domin ranar ba da kyaututtuka. Kusan dukanmu 'ya'yan manoma ne, kuma zancen da muka baro a gida shi ne na taki. Labarin wasan mai sauƙi ne. Wani ƙaramin manomi a wani gari da ba mu ba shi suna ba ya yi sammako ya bi layi a ƙofar sito, aka ce taki ya ƙare. Da dare ya ga ana loda buhuna a mota ta ƙofar baya. Ran kasuwa ya tarar da takin a rumfar wani attajiri da tsada, ya ci bashin da zai biya da hatsi in kaka ta yi, da kakar ta zo kuwa mai bashi ya kwashe rumbu. A fitowa ta ƙarshe manomin ya tsaya gaban malamin sito da mai unguwa ya faɗa musu abin da suka yi.

Ana saura kwana uku shugaban makaranta ya zo kallon bita. Da aka kai fitowa ta ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce a cire ta, domin akwai wakilin hakimi da manyan ma'aikata cikin baƙi, kuma yaro ba ya duban babba ya faɗa masa haka a bainar jama'a. Malaminmu ya ce, "Ranka ya daɗe, an cire maganar. Waƙar rufewa fa, a bar ta?" Shugaba ya ce, "Waƙa ai waƙa ce, ku yi abarku."

A cikin dare biyu muka kwashe duk abin da yake cikin fitowar da aka hana muka zuba shi a waƙar rufewa. Marubucinmu ya mai da buhun taki amarya: talaka ya yi toshi, ya biya sadaki, ya share ɗaki, amma daren ɗaukar amarya sai 'yan rakiya suka yi ɓatan kai da ita zuwa gidan mai kuɗi, waliyyi kuma ya rantse bai san inda ta kwana ba. Amshin tambaya ce kawai game da inda amarya ta shiga. Ranar wasa manomin ya tsaya shiru a tsakiyar dandamali da fartanya a kafaɗa, 'yan amshi suka kewaye shi suna rerawa. Kafin ɗa na huɗu ɗakin duka ya ɗauka, har da mutanen taga. Manyan baƙi suka yi ta dariya, ban da mutum ɗaya da ya sunkuyar da kai yana duban takardar shirin biki har aka gama. Ba a hori kowa ba. Bayan 'yan makonni wasu daga cikinmu suka ji mata suna rera amshin wajen sussuka a ƙauyukan kewaye.

Ba mu ce wannan waƙa ta ƙara wa wani manomi buhu ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne, maganar da ake yi a ɓoye a zaure ta fito fili a gaban waɗanda ta shafa, daga bakin yara, aka kuma tashi lafiya. Shugaban makarantar ma, a ganinmu yanzu da muka manyanta, ya san abin da yake yi sarai. Ya kare makarantarsa daga zargin rashin ladabi, ya kuma bar ƙofar da al'ada ta yarda da ita a buɗe.

5.0 Wasan Maska da Makamantansa

A daidai wannan lokaci malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa, suna gwada kai wasa ƙauye. Sun yi Wasan Manoma a Soba a 1977, sa'an nan a 1979 suka zo Maska, kusa da Funtuwa, kuma Salihu Bappa ya rubuta bayanin aikin a 1981. Hanyarsu ita ce su saurari manoma tukuna, su gina wasa daga matsalolin da suka ji, su nuna shi a fili, sa'an nan a zauna a tattauna. Wannan aiki ya shiga tarihin wasan kwaikwayo na Afirka domin an rubuta shi. Namu na makarantu da na samari, wanda yake gudana a gundumomi guda, kan matsaloli guda, bai shiga ba, domin ba wanda ya rubuta.

Kwatanci da wasu ƙasashe zai ƙara haske. A ƙasar Kenya, a ƙauyen Kamiriithu, Ngugi wa Thiong'o da manoma da leburori sun shirya wasa da harshen Gikuyu a 1977, cike da waƙoƙi da raye-raye, kan batun ƙasar noma. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare Ngugi a ƙarshen shekarar har kusan shekara guda. A can hukuma ta ɗauki waƙa da nauyinta, ta murƙushe ta. A Jamhuriyar Nijar kuwa gwamnatin Seyni Kountché ta rungumi ƙungiyoyin samariya, ta shirya musu bikin matasa na ƙasa daga 1976, rediyo da talbijin suka ɗauki wasannin Hausa irin na Yazi Dogo da 'yan wasan Damagaram, Janet Beik kuma ta yi littafi a kansu a 1987. A can wasa ya sami gata da adana, amma yana tafiya ne a inuwar hukuma. Namu ya faɗa tsakani: ba a tsananta masa ba, ba a kuma kula da shi ba. Rashin kulawar ya ba shi 'yanci, shi ne kuma ya sa ya ɓace ba tare da alama ba.

6.0 Dalilan Ja da Baya

Dalili na farko tattalin arziki ne. Kuɗin mai ya faɗi daga 1982, aka shiga tsuke bakin aljihu, makarantun jeka-ka-dawo suka rinjayi na kwana. Wasan makaranta kuwa ɗan dare ne, domin bayan cin abincin dare ake bita, daren Asabar ake nunawa. Yaron da zai tashi ƙarfe biyu ya wuce gona ko kasuwa ba shi da lokacin haddace amshi. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, cikinsu har da ta auduga, tsarin fuloti ya sukurkuce, masaƙu kuma suka yi ta rufewa daga baya. Kalankuwa ta rasa kuɗin da take rayuwa a kai, ga kuma wa'azi da ya ƙaru kan cuɗanyar maza da mata. Yaran da suka tashi bayan nan sun iso makaranta ba su da rumbun karin waƙa irin wanda muka zo da shi.

Na biyu shi ne bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, wadda ita ma daga wasan dandamali ta fito, ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma waƙa da rawa irin na finafinan Indiya sun mamaye finafinan Hausa. A nan waƙar a situdiyo ake yin ta da fiyano, 'yan wasa baki kawai suke motsawa, jigonta kuma galibi soyayya ne. Mun ga yadda 'yan makaranta suka koma kunna kaset suna kwaikwayon rawar, amshi ya mutu, 'yan kallo suka koma masu kallo kawai. Da cece-kuce ya yi yawa a kan finafinai, musamman bayan ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa a shekarar 2000, sai shugabannin makarantu da yawa suka ga hanya mafi sauƙi ita ce a cire waƙa daga wasa gaba ɗaya. Wasan ya saura, amma ya koma gargaɗi daga sama kamar yadda ya faro.

Na uku shi ne jarrabawa, wadda ta mai da littattafan wasa abin haddace jigo da sunayen taurari. Mun koyar da ɗalibai da suka ci Hausa da kyakkyawan sakamako alhali ba su taɓa ganin an taka ko fitowa ɗaya ta littafin da suka amsa tambaya a kansa ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne rashin tsaro. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba a sako su ba sai ran 17 ga watan, gwamnatin jiha kuma ta rufe makarantun kwana a lokacin. Ƙauyuka da yawa na Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume da Sabuwa sun sha hare-hare, taron dare ya zama kasada. A nan ne iyakar abin da muke bayani ta bayyana. Damar da waƙa ta ba mu ta dogara ne ga manya masu jin kunya, waɗanda za a yi wa habaici su sunkuyar da kai. Wanda ya zo da bindiga bai shiga wannan yarjejeniya ba, kuma babu karin waƙar da zai kare yaro daga gare shi.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa wasan makarantu da na samari a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya tsiro ne daga haɗuwar littafin makaranta da al'adun tashe da kalankuwa da gaɗa, kuma waƙa ce ta juya akalar wasan daga gargaɗin hukuma zuwa koken talaka. Tarihin da ya tsaya ga littattafai zai ba mu rabin labari ne kurum.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su tura ɗalibai su ɗauki muryoyin tsofaffin 'yan wasan makarantu, maza da mata, su rera abin da suka tuna, domin mafi ƙanƙantarmu ya haura sittin, marubucin waƙar takin ma ya riga mu gidan gaskiya, baitocinsa kuwa uku kaɗai muka iya haɗawa a tsakaninmu. Ta biyu, masu nazarin wasan kwaikwayo su riƙa tambayar yadda aka taka kowane littafi a makarantu, da abin da aka ƙara masa, da abin da aka cire. Ta uku, malaman Hausa su mai da wasa mai amshi cikin aji ko a filin makaranta da rana, tun da dare ya ƙi, su bar yara su zaɓi jigo daga abin da ake tattaunawa a gidajensu. Kayan aikin ba su wuce tebur da bokiti da muryoyi goma ba, matsalolin manomi kuwa, daga tsadar taki har zuwa bashin kaka, ba su ƙare ba.